Shirun Fadama

Tun daga bakin hanya tsohon ya tsaya cak. Fadamar Bakura ta yi tsit.

Tun da yanar ido ta rufe masa gani, da kunne yake noma. Ya san injin ban-ruwan kowa da kukansa, ya kuma san abin da shiru ke nufi: fetur ya ƙare, shuka ta kama hanyar mutuwa. Ga shi jinya ta kwantar da shi a Talata Mafara tsakiyar rani, ya bar albasarsa ba mai ba ta ruwa.

Ya lalubi gonarsa da sanda, yana jiran jin busasshen ganye ƙarƙashin takalminsa. Sai ƙafarsa ta nutse cikin laka mai sanyi.

"Sannu da jiki, Baba," in ji maƙwabcin gonarsa. Shi ne wanda bara ya ce nan gaba kaɗan rana za ta riƙa ɗago wa kowa ruwa. A lokacin tsohon ya yi masa dariya har da tari, ya ce rana ƙona shuka kawai ta iya.

"Wa ya sai min mai?"

"Ba kowa, Baba. Yawancinmu mun koma sola, injin da ke aiki da hasken rana. Tiyo na ƙara, ya kai fangalin albasarka."

Tsohon ya durƙusa, ya tsoma hannu cikin ruwan, rana na dukan ƙeyarsa.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Yanzu yi shiru kaɗan."

Bayan shekarun da rugugin inji ya danne ta, sai yau ya sake jin muryar ruwa yana shiga gonarsa.