Hannun da Ya Fasa Shiga Aljihu

Ke da za ki kama aikin jinya jibi, ajiye jakar nan ki zauna, 'yata, in ba ki wani misali.

An yi wata budurwa da ta gama makarantar koyon aikin jinya, aka tura ta wani ƙaramin asibitin ƙauye, ɗaki biyu da rumfa da rijiya. Ta zo da fararen riguna biyu da wani ɗan littafi da bai fi tafin hannu ba, irin wanda ake sakawa a aljihu. A cikinsa an jera magunguna, da yawan da ake ba babba, da yawan da ake ba yaro gwargwadon nauyinsa. Gefen takardun har ya yi baƙi don yawan buɗawa. Ba ta zuƙar allura sai ta ɗora mara lafiya a sikeli, ta buɗe littafin, ta bi layi da yatsa. Wata huɗu tana haka, ba wanda ta yi wa magani ya koma gida da kuka. To, a ƙofar asibitin akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, bakinta ya fi man kaskonta zafi. Kullum sai ta ce wa matan da ke layin awo, "Malamin asibitin da aka ɗauke mana kafin wannan, ido rufe yake soka allura. Wannan kuwa sai ta yi bitar karatu a kanki tukuna." Mata su rufe baki da mayafi suna dariya. Suka raɗa mata suna Malama Bari-in-duba, har ya bi gari. Abin ya ci mata rai. Ta fara juya baya in za ta duba, daga nan ta koma shigewa ɗakin magani tana dubawa a ɓoye, kamar mai satar nama a tukunya.

Ran wata kasuwa da hantsi, babban ma'aikacin asibitin ya tafi taro birni, sai ga tsohuwar nan a guje ba ko kallabi, jikanta ɗan shekara biyu a kafaɗa. Zazzaɓi ya haye masa kai, yana ta jijjiga, idanu sun kafe. 'Yan kasuwa suka biyo ta, suka cika ƙofa da taga. Malamar ta auna yaron, ta ɗauko allurar da ke tsayar da jijjiga. A nan lamba biyu suka zo mata a kai, ta rasa wacce ce ta yaro mai wannan nauyi. Hannunta ya tafi aljihu, har yatsunta sun taɓa bangon littafin. Sai tsohuwar ta daka mata tsawa, "Yau ma sai an yi karatun? Yaro na mutuwa!" Malamar ta ɗaga kai, ta ga idanu sun fi talatin a kanta. Ta zare hannunta wayam. Ta ce a ranta jijjigar mai ƙarfi ce, bari ta ɗauki lamba mai yawan. Ta yi allurar, jijjiga ta tsaya. Mutane suka yi hamdala, tsohuwar ta dafa ta ta ce, "Ashe kin iya, 'yar nan." Maganar ta yi mata daɗi, ba a ɓoye ba. Amma numfashin yaron ya soma ja da baya, a hankali a hankali, kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Kafin a samo motar da za ta kai shi birni, rai ya yi halinsa. Da ɗaki ya watse ta buɗe littafin. Shafin da kansa ya buɗe, don ta saba da shi. Abin da ta ba shi na yaron da ya ninka shi uku a nauyi ne, kuma dubawar ba za ta kai kurɓar ruwa daɗewa ba.

Washegari ta daure ta tafi gaisuwa. Ta tuɓe takalma a bakin zana ke nan, sai ta jiyo muryar tsohuwar daga ciki tana cewa, "Ga littafi a aljihunta, ina ganin tudunsa da idona, amma girman kai ya hana ta buɗewa." Matan da ke zaune suka amsa baki ɗaya, "Wallahi kuwa, Allah ya isa." Duk cikinsu ba wadda ta tuna sunan da suka raɗa mata. Ta mayar da ƙafarta cikin takalma, ta juya.

Saboda haka, 'yata, in rai yana hannunki, buɗe littafinki a gaban kowa, mai dariya ya yi ta yi. Bakin da ya ce kada ki duba, shi ne zai tambaye ki me ya hana ki dubawa. Hausawa sun riga sun faɗa: kunyar mara kunya asara ce.