Matakalar Tudun Haikali

Ku yaran yanzu bakinku ya fi ƙafarku sauri. Mutum ya ce "na duba" alhali ko takalmi bai sa ba. To ku zauna ku ji abin da ya sami Shinji ɗan gidan Kuramoto, kuma kada wanda ya taɓa waya sai na gama.

Shinji kansila ne, shugaban kwamitin da ke sa ido kan ayyukan gari: hanyoyi, katangar bakin teku, fitilun titi. A unguwarmu ta masunta aka haife shi, amma tunda ya ci zaɓe ya koma sabbin gidajen bayan tashar jirgin ƙasa. Taron unguwa ba ya zuwa, sharar haikali ba ya zuwa.

Wata yamma cikin hunturu uwarsa Tomeko ta kira shi, ta ce gwiwarta ta riƙe. Ya zo, ya bar wayarsa a bakin ƙofa tare da takalmi, don dokar gidan ke nan. Ya same ta zaune da rigar sanyi a jiki. Tana zuba masa miyar kifi, duhu na sauka, sai jiniya ta ɗauka.

Wanda duk ya tashi a bakin tekun nan ya san kukan. Babbar igiyar ruwa ce ke tafe daga teku. Ƙasa ba ta girgiza ba, amma kakan Shinji ma igiyar da ta ci shi daga nesa ta zo, ba sallama. Lasifikar kan falwaya ta yi ta magana, iska na kwashe kalmomin.

"Inna, hau bayana!"

"A hankali, ɗan nan, ni ba buhun shinkafa ba ce."

Ya fito da ita goye, wayar ma bai tuna da ita ba. Lungu ya cika da mutane, kowa da hular kwano da jaka a baya, tsofaffi riƙe da hannun jikoki. Ba mai ihu. Duka sun nufi wuri ɗaya: sabuwar matakalar da ta hau tudun haikali, wadda aka gina domin rana irin wannan.

Shinji ne ya miƙe a zauren majalisa ya ce ya hau matakalar nan da ƙafarsa har sama, komai ya kammala. Gaskiyar kuwa a gidan cin abinci ya duba ta, inda ɗan kwangila ya zuba masa giya ya ce daga kwanar matakalar zuwa sama akwai ɗan abin da ya rage, za a ƙarasa bayan bikin buɗewa. Ya faɗa masa ko mene ne. Shinji ya ɗaga kofi.

Suka fara hawa. Fitilun ƙasa na ci tar. Ya waiwaya, teku baƙi ƙirin, ba ya iya gane ko ya janye ko yana tahowa. Numfashin uwarsa na dukan wuyansa.

"Ka ji daɗinka," in ji ta. "Aikinka ne zai cece mu yau."

Ya ɗaga kai. Daga kwana zuwa sama duhu ne kamar bakin rijiya, kuma mutanen gaba sun kusa kaiwa. A cikinsu har da wata mai ciki, ta dafa ƙarfen gefe da dukan nauyinta.

Idan ya yi shiru, wataƙila su wuce lafiya. Wataƙila. Idan ya yi magana, ya gama yawo a garin nan. Mai cikin ta ƙara taku.

"Ku tsaya!" Muryarsa ta tsage. "Kada ku wuce kwanar nan! Ƙarfen sama ba a kafa shi da siminti ba, soke shi kawai aka yi a ƙasa! Fitilun ba batir a ciki! Akwai inda ƙasa ta zafta, katako aka shimfiɗa a kai, bayansa rami ne! Ku koma ku bi ta makaranta, ku yi gudu!"

Ba wanda ya gudu.

A kwanar sai tocila ta kunnu, wata ta biyo, wata ta biyo. Igiya ce ɗaure ta tare hanya, bayanta kuma tsoho Iwabuchi shugaban majalisa da sauran kansiloli, kowa da hular kwano.

"Mun gode, Kansila," in ji Iwabuchi. "Ramin mun gan shi tuni. Abin da ba mu sani ba shi ne ko kai ka sani."

Iska ta lafa. Daga ƙasa lasifika ta fito sarai: atisaye ne, atisaye ne, jama'a su kwantar da hankali. Atisayen da muke yi kowace shekara, wanda bai taɓa halarta ba.

Kujerarsa ta tafi. Ya durƙusa a ɗakin taron unguwa, goshi a ƙasa, gaban matan da suka goye shi yana jariri, ba wadda ta ce ya tashi. Har yau in ya shiga shago hira mutuwa take yi.

Amma duk wannan bai kai abin da ya biya a kan matakalar ba, lokacin da uwarsa ta zame daga bayansa, ta tsaya cak a kan gwiwar da ba abin da ya same ta, ta rusuna wa Iwabuchi ta ce, "Ga shi na kawo muku shi, kamar yadda na yi alkawari."