Shayi a Ƙofar Gida

Faldiela ta leƙa ta taga. Sedick ne ya zo neman aurenta, yana riƙe da igiyar karen da ke masa jagora tun da ya makance.

Mahaifinta ya tare ƙofa. "Kare bai taɓa taka inda nake salla ba."

"Na sani, Baba, shi ya sa ban shigo ba. Amma shi ne idona, ba zan ɗaure shi a titi ba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya koma ciki. Faldiela ta runtse ido. Can sai ga shi niƙi-niƙi da kujeru biyu.

"Ke, tsayuwar me kike? Kawo mana shayi da samosa nan waje. Karen ma a ba shi ruwa."