Sumar Auta

Muryar shugabar makaranta ce ta fara yin nisa, kamar daga ƙasan rijiya take magana. Sai tutar da ke gabanmu ta narke cikin rana, ƙasa ta taso a hankali ta tarbe ni. Ba yau na fara faɗuwa a layin safe ba.

A asibiti likita ta yi ta tambayata cikin taushin murya. Na karya kumallo? A'a. Ruwa fa? Kaɗan. Mun daɗe a tsaye? Sosai.

"Akwai mai suma a danginku?"

Baba, wanda ya baro garejinsa da baƙin mai a hannu, ya ja tsaki. "Mu? Lalaci ne kawai, likita. Karatun ne ba ta so. Daga yau sai ta zauna gida."



Ma'aikaciyar jinya ta soka mini allura, jini ya fara hawa cikin sirinji. Na ga Baba ya ƙura masa ido, leɓensa ya yi fari fat. Ya jingina da bango, ya sulale ƙasa kamar rigar da ta zame daga ƙusa.

Suka ɗora ƙafafunsa bisa kujera, ni kuma ina yi masa fifita da mayafina. Da ya buɗe ido, ya daɗe yana kallona kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya.

"Auta," ya ce da ƙyar, "ashe haka kike ji?"

Washegari da kansa ya kai ni makaranta.