Ɗaki Mara Taga

"Ƙarin mutum ɗaya peso miliyan uku ne," in ji mai sayar da tikiti.

Shekara biyu ina tara kuɗin jirgin ruwan nan, don 'yarmu ta yi bikin cika shekara sha biyar a teku. Yau ta kafe sai an tafi da kakarta.

"Rage mana, 'yar'uwa."

"Ba kasuwar kifi ba ce, maigida. Amma in kun haƙura da ɗaki mai taga, kuɗinku zai isa har da gadon tsohuwa."

Tagar nan yarinyar ta fi ɗoki. Ban sa baki ba, don a irin wannan wuri ake gane tarbiyya.

"A cire tagar, Baba. Kaka ta fi taga ba da labari."

Shekara arba'in mahaifiyata tana tallar alewar kwakwa a tashar jirgin ruwan nan ta Kartahena, ƙasar Kolombiya, tana ƙwala wa fasinjojin saman jirgi kira suna share ta. Ranar tashi ta leƙo daga can sama, ta yi ta kiran abokiyar tallarta. Matar ko waiwaye ba ta yi ba.

Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye.

"Ashe daga nan ba a ji. Shekara arba'in ina zagin bayin Allah a banza."