Takardar Likitan Ido

Takardar likitan ido tana kife a kan tebur, 'Yar Makanike ta danne ta da tafin hannu kamar iska za ta ɗauke. Fanka na juyawa a sama, amma gumi ya jiƙa mata ƙeya.

Wata huɗu ke nan da aka ba ta shugabancin sashen direbobi a kamfanin motocin da ke jigilar 'yan makaranta. Mutum ashirin da shida ne a ƙarƙashinta, kuma har yau ba wanda ya daina kiran ta da sunan da ta taso da shi a garejin, tun tana miƙa wa mahaifinta sifana. Sunan da ke kan takardar kuwa na Baba Direba ne, aminin mahaifin nata, wanda ya shekara talatin da ɗaya a kan sitiyari ko gogar mota bai taɓa yi ba. Likita ya ce idonsa na hagu ya tafi, na dama na biye. Ƙarfe ɗaya Baba Direba zai ɗauko yara arba'in daga makaranta. Yanzu sha biyu saura kwata.

Dattijon da ke zaune a gabanta ya cire agogonsa ya ajiye a gefen tebur, ya harɗe hannuwa.

"To, ga ni. An ce kina nema na."

Sau biyu ke nan a safiyar nan tana ɗauko maganar tana kasa kai ta ƙarshe. Na farko ta ɓige da tambayar lafiyar iyali har ta manta inda ta dosa. Na biyu ta ce daga sama aka ba da umarni, shi ke nan ya kama kalmar ya yi ta juya ta da ita.

Ta juyo takardar, ta tura ta gabansa.

"Baba, sakamakon gwajin ido ya fito. Daga yau ba za ka ƙara tuƙa yara ba. Ni na yanke wannan hukuncin."

Ko kallon takardar bai yi ba. Ita yake kallo, ido cikin ido, har ta ji kujerar ta yi mata faɗi. Kalmar "yi haƙuri" ta taso mata har maƙogwaro. Ta haɗiye. Mako shida ana nanata mata abu ɗaya: ki faɗi gaskiyar tun a jimlar farko, sannan ki rufe bakinki ki bar mutum ya ji zafinsa.

Ya buga tebur, kofin shayi ya yi tsalle.

"Ke? Ke da na goya a bayana ranar da ubanki ya karye a ƙarƙashin mota? Yau ke ce za ki karɓe mini makulli?"

Muryarsa ta cika ɗakin. Ta tabbata magatakardan da ke bayan ƙofa ya daina buga na'ura ya kasa kunne.

Ya ce zai fita tsakar gareji ya faɗa wa kowa, a ga direba nawa za su tayar da mota yau. Ya ce da mahaifinta na raye da bai iya kallon ta ba. Nan ne ya fi yi mata ciwo, kuma ta ga alamar ya san da haka, don ya tsaya yana jiran ta rushe. Idonta ya kawo ruwa. Ba ta share ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

Sai ya sauke murya, abin da ta fi tsoro tun farko.

"'Yata, yau kaɗai. Ki bar ni in ɗauko su yau, in yi musu sallama. Hanyar nan ko a rufe mini ido zan bi ta. Awa ɗaya ce fa."

Awa ɗaya. Wa zai sani? Bakinta ya buɗe da niyyar cewa to. Sai ƙofar makarantar ta faɗo mata a rai, yadda ƙananan ke fitowa da gudu, jakunkuna na dukan bayansu, ko waiwaye ba sa yi. Ta ɓangaren hagu suke fitowa.

"A'a, Baba. Ko yau ɗin ma a'a." Muryarta ta karye, ta gyara ta. "Za ka shiga motar ka zauna kusa da direba, ka yi musu sallama yadda kake so. Daga Litinin kuma ina so ka karɓi sababbin direbobi shida ka koya musu abin da ya hana ka haɗari shekara talatin da ɗaya. Amma makulli a nan zai kwana."

Can ƙasa wata mota ta shigo gareji, birki ya yi tsaki, inji ya mutu.

Dattijon ya daɗe yana kallon ta. Sannan kafaɗunsa suka sauka, fushin ya bar fuskarsa lokaci guda. Ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya yi rubutu layi biyu.

"Wannan karon kin kai ƙarshe, kuma ba ki ɓuya a bayan kowa ba," in ji dattijon, mai horarwar da kamfani ya ɗauko mata, wanda tun safe yake kwaikwayon Baba Direba don ta gwada, yana miƙewa ya bar kujerar. "Share fuskarki, ranki ya daɗe, ga Baba Direban na gaske can yana hawo matakala."