Suna a Juye

Sau uku Lam Thinh ya leƙa taga kafin motar gidan waya ta tsaya a ƙofar gidansu na Houston, a Amurka. Bai sauka ba. Makullin akwatin wasiƙa ɗaya ne, kuma yana hannun matarsa Dieu tun ranar da suka tare. Ta dawo da takardun talla kawai.

"Yau ma babu, Baban Tuyet," ta ce, idonta a ƙasa.

Shekara ashirin da shida Thinh ya yi yana juya masana'antar jatan lande a garinsu Ca Mau, can ƙasarsu. Mutum ne da ya auri aiki kafin ya auri Dieu. Ko ranar da aka haifi 'yarsu Tuyet yana can wajen injin ƙanƙara. Ya sayar da masana'antar, ya zuba jari a ginin wani otal a Amurka, irin jarin da ke jawo wa mutum takardar zama. Ita kuwa takardar sai ta ga dama take fitowa, don haka lauyarsu ta ce su nemi katin izinin aiki kafin nan. Rana ɗaya suka aika. Na Dieu, wadda ba aikin kowa take nema ba, ya iso tuntuni. Nasa shiru.

Zaman kashe wando ya ishe shi, amma ita Dieu zaman ya karɓe ta. Tare suke zuwa kasuwa, tare suke cin abinci, har ta yi ƙiba ta dawo da dariyarta ta ƙuruciya. Ya koyi wanke-wanke da yankan albasa. Awon shinkafa ne kawai ta hana shi kwanan nan, wai hannunsa ya cika nauyi.

Ranar Litinin abokinsa Hung ya kira daga Louisiana, tafiyar awa biyar, inda ya daɗe yana riƙe masa kujerar manaja a kamfaninsa na jatan lande.

"Kai tsoho, jatan lande ba ya jiran gwamnati. In ba kati zuwa Juma'a, zan ba wani."

Thinh ya buga wa lauyar waya da faɗa. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce rajistar gidan waya ta nuna an kai katin sati shida da suka wuce, kuma neman wani sai an yi watanni.

"Ka tabbata sunan da ka rubuta a fom shi ne a jikin akwatinku?"

Da kansa ya cike fom ɗin, don girman kai ya hana shi neman taimako. Ko sunan dangi, Lam, ya fara sakawa, yadda ake yi a gida? Kafin Laraba ya gama yanke wa kansa hukunci: ya juya sunan, mai rabon wasiƙa ya rikice, katin ya faɗa akwatin wani. Abinci ya daina wuce masa.

Juma'a ta zo ta wuce, Hung ya ba wani. Da rana tsaka Thinh ya ajiye tsinken cin abinci, ya dubi matarsa.

"Maman Tuyet, laifina ne. Na raba ki da danginki, na kawo ki ƙasar mutane, ga shi ko sunana ban iya rubutawa ba. Ki yafe mini."

"Don Allah ka bari," ta ce. Kuka ya ƙwace mata, mai tsanani, har shi da aka yi wa asara ya koma rarrashi. Bai taɓa sanin ta damu da aikinsa haka ba, sai kunya ta ƙara kama shi.

Da yamma ya sauka ya liƙa sunansa a jikin akwatin, a daidai da kuma a juye, ko maƙwabci zai gani ya tausaya. Dieu ta shiga kicin tana share ido. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma nata ya kusa fashewa. Ta tura gwangwani cikin buhun shinkafa don awon mutum biyu, sai bakin gwangwanin ya karci ambulan ɗin katin da ta binne a ciki sati shida da suka wuce, sunan mijinta a kai, daidai, ko harafi ɗaya bai juye ba.